Wa Ya Shimfiɗa Wa Wannan Baƙo Tabarma?

A shekarar 2020 masu bincike suka kamo sauro a Jihar Gombe, suka kai ɗakin gwaji, sai aka tarar da wani iri da ba a taɓa ganinsa a Najeriya ba. Masana na kiransa Anopheles stephensi. Asalinsa Indiya da Pakistan da Iran da yankin ƙasashen Larabawa. Yana ɗaukar ƙwayar zazzaɓin cizon sauro daga jinin wannan ya kai jinin wancan, kuma zaman birni yake so.

Jama'a, ku faɗa tsakaninku da Allah, wa ya ji wannan labari? Wane mai unguwa aka kira aka yi wa bayani? Wane limami aka ba takarda ya karanta wa mamu bayan sallar Juma'a? Ƙasar da ake sayen shafi guda a jarida don taya wani babba murnar zagayowar ranar haihuwarsa, ita ce za ta ce ba ta da kuɗin yin shela a kan sauron da zai iya sauya mata lissafin cuta gaba ɗaya?

Wanda bai san abin da wannan sauro ke iyawa ba, ya tambayi Jibuti.

Ƙaramar ƙasa ce a bakin Bahar Maliya, mutanenta miliyan ɗaya ne da 'yan kai. A 2012 mutum 27 kacal aka tabbatar sun kamu da zazzaɓin cizon sauro a duk faɗin ƙasar. Saura ƙiris su rabu da cutar. A cikin wannan shekarar ne aka fara ganin baƙon a wajen babban birninsu, a wurin da ake killace dabbobin da za a fitar ƙasashen waje. Zuwa 2020 waɗanda suka kamu sun haura 73,000.

Daga 27 zuwa 73,000 cikin shekara takwas. Wannan ba jita-jita ba ce, a rubuce yake a gaban duk wani mai riƙe da ofishin lafiya a nahiyar nan.

Bai tsaya a Jibuti ba. A 2016 aka gan shi a Habasha da Sudan, a 2019 a Somaliya, a 2020 a wurinmu, a 2022 a Kenya da Ghana. A Sudan ya bazu a gabashin ƙasar, wajajen Kassala da Gadarif da bakin Bahar Maliya, inda Hausawa suke zaune tun zamanin da ake tafiya Makka a ƙasa. Sauro ba ya iya tashi daga Indiya ya sauka Gombe da fiffikensa. Jirgin ruwa da manyan motocin kaya ake ganin suna ɗauko shi, a cikin kaya, a cikin tayoyi, a cikin duk abin da ya riƙe ɗan ruwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a kansa tun 2019, kafin ma ya iso mana. A 2022 ta ƙaddamar da shiri na musamman don tare shi. Wani bincike na 2020 ya ƙiyasta cewa idan aka bar shi ya bazu, mutum miliyan 126 a biranen Afirka za su shiga haɗarin da a da ba sa ciki. Saboda haka kada wani ya zo gobe ya ce abin ya zo masa ba zato. An faɗa, an maimaita, an rubuta da Turanci da Faransanci, harsunan da masu mulkinmu ke alfahari da iyawa.

Ga kuma Dire Dawa, birnin kasuwanci a gabashin Habasha. A 2019 mutum 205 suka yi zazzaɓin a duk shekarar. A watanni biyar na farkon 2022, ana tsakiyar rani, aka samu sama da 2,400. Da aka bi sawu, sai aka iske baƙon nan ne, ya cika ma'ajiyar ruwan gidaje da ta jami'ar garin.

Ku riƙe wannan: da rani. A nan haɗarin yake.

Sauron da muka gada kaka da kakanni ɗan damina ne. Yana ƙyanƙyasa a ruwan sama da ya kwanta a rana, a sawun kofaton shanu, a ramin da aka haƙi ƙasar gini, a fadamar shinkafa. Da hunturu ya kama, kududdufai suka ƙafe, sai ya ja da baya. Shi ya sa kowace uwa a ƙasar Hausa ta san watannin da gadon asibiti ke wuya, Agusta da Satumba da Oktoba. Shi ya sa kuma cutar ta fi cin ƙauye a kan birni.

Shi baƙon ba ruwansa da damina. Ruwan da ɗan Adam ya ajiye da hannunsa yake nema. Tankin sama da murfinsa ya fashe, tankin ƙasa na siminti, duro, randa, rijiyar da ba a rufe ba, tsohuwar taya, kangon da aka bar wa ramin ruwa shekara da shekaru. Idan ya samu waɗannan, kwana goma sun ishe shi daga ƙwai ya zama mai cizo, ko a watan Afrilu da ƙasa ke toya ƙafa.

Ana cewa baƙo raɓa ne. Wannan bai zo da niyyar bushewa da hantsi ba.

To, su wa suka mayar da kowane gida a biranenmu ma'ajiyar ruwa?

Muna da dam ɗin Tiga tun 1974. Muna da na Challawa, da Dadin Kowa, da Goronyo, da Bakolori. Kano ta ga ruwan famfo tun farkon shekarun 1930, zamanin Turawa. Yau akwai unguwanni a manyan biranen Arewa da yaro zai tashi har ya yi aure bai taɓa ganin famfon gidansu ya ɗiga ba. Bututun na nan a bango, ya yi tsatsa, ana rataya tsumma a kansa.

Kowane ɗan takara ya yi alƙawarin ruwa. Kowane kasafin kuɗi akwai ruwa a cikinsa. An ci bashi da sunan ruwa, an yanka ƙyalle da sunan ruwa, an ba da kwangila an sake ba da ita. Amma da asuba, ƙarar da ke tashe mu ita ce ta kurar ɗan garuwa da jarkokinsa.

Matar da ta sayi ruwa da kuɗin cefane ba za ta zubar da shi don wani ya ce akwai tsutsa a ciki ba. Za ta tace da ƙyalle ta yi girki. Magidancin da ya samu wutar lantarki ta awa biyu a mako, ya tayar da injin rijiyar burtsatse, dole ya cika duk abin da ke da baki a gidan, har da bahon wanki. Ba kwaɗayin tara ruwa ke damun su ba, tsoron gobe ne. Waɗanda suka kashe famfo su suka gina wa wannan sauro masauki a kowane lungu, tun kafin ya san hanyar zuwa.

Su kam gidajensu akwai raga a taga, akwai na'urar sanyaya ɗaki, akwai mai zuwa feshi duk wata. In zazzaɓi ya kama ɗansu, asibitin kuɗi na nan, in ta yi tsanani a hau jirgi.

Wanda ke son ya gani da idonsa, ya tsaya a kowane gidan bulo a bakin gari da rani, ya leƙa tankin simintin da ake ɗiban ruwan jiƙa bulo. A buɗe yake, gefensa ya yi kore. Ka ɗebo da farin kwano, ka kawo shi haske, ka jira ruwan ya natsu. Za ka ga 'yan tsutsotsi suna wutsil-wutsil. Wadda ta rataye, kai ƙasa jela sama, ta sauron kwata ce, mai kuka a kunne ya hana barci. Wadda ta kwanta sambal a fuskar ruwa, ita ce ta dangin masu zazzaɓi. Tantance ko baƙon ne ko ɗan gida sai a ɗakin gwaji, amma duk wanda ya ga irin wannan a tankin siminti a tsakiyar rani, ya ga abin da ya isa a kai rahoto.

Ka ce wa mai wurin ya rufe tankinsa, amsar da za ka ji ita ce, "Alhaji, wa ya taɓa zuwa ya ce mu rufe? Masu karɓar haraji dai ba sa fashi."

Ƙarya yake yi? Hukumar da ta san ƙofar kowane gidan bulo, kowane wurin wankin mota, kowane mai faci, in dai karɓar kuɗi ne, ita ce ba ta san hanyar zuwa da farin kwano ba?

Wani abin kuma, wannan sauro yana son jinin dabba kamar yadda yake son na mutum. A Habasha, a ɗakunan awaki da shanu ake yawan kama shi yana hutawa. Ku dubi gidajenmu na birni. Gida nawa ne ba rago a turke ana kiwonsa don layya, ko 'yan awakin uwargida a bayan madafa? Ga ruwa a duro, ga dabba a tsakar gida, ga yara suna kwana a waje saboda zafi. Feshin da ake yi a bangon ɗakin kwana ba zai iske wanda ke kwance a rumfar awaki ba. Gwajin da aka yi a Habasha ya kuma nuna yawancin magungunan feshin da aka saba da su ba sa kashe shi yadda ya kamata.

Duk dabarunmu na yaƙi da zazzaɓi a Arewa a kan damina aka gina su. Maganin rigakafin nan da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa wata 59, sau ɗaya a wata ake bayarwa, wata huɗu ko biyar, lokacin ruwa. Shiri ne mai kyau, ya ceci rayuka, kuma matan da ke yawo da shi cikin taɓo sun cancanci godiya. Amma an tsara shi ne don sauron da ke tafiya hutu. Ranar da mai cizo a Fabrairu da Maris ya kafu a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, me za a ba yaran? Wa ya zauna ya yi wannan lissafi, kuma ina ya ajiye amsar?

Bayan haka, ƙwaya iri biyu yake ɗauka. Akwai falsifarum, wadda muka sani, mai sa yaro jijjiga, mai shanye jini. Akwai kuma bibaks, wadda ta fi yawa a Asiya da Habasha. Ita wannan tana ɓuya a hanta, mutum ya warke, bayan watanni ta sake tasowa ba tare da wani sabon cizo ba. Maganin da aka saba sha ba ya fitar da ita daga hanta, sai an ƙara da wani, shi kuma sai an gwada jinin mutum kafin a ba shi. Galibin ɗan abin gwajin nan da ake ɗiga wa jini a ƙananan asibitocinmu falsifarum kaɗai yake gani. An daɗe ana cewa jinin mutanen Afirka ta Yamma ba ya karɓar bibaks, kuma akwai gaskiya a ciki, sai dai an riga an samu masu ɗauke da ita a wannan yanki, har da Najeriya.

Duk wannan a kan wace ƙasa zai sauka? A kan wadda ta riga ta fi kowa. Sama da kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya 'yan Najeriya ne. Kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda yake kashewa namu ne, akasarinsu yara da ba su kai shekara biyar ba. Nijar ma tana cikin ƙasashe huɗu da suka fi binne mutane saboda shi. Binciken ƙasa na 2021 ya samu ƙwayar cutar a jinin kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran da aka gwada a Jihar Kebbi. Yaro ɗaya cikin biyu ke nan.

Ɗan gida bai bar mu mun huta ba, ga baƙo ya shigo, masu gida kuwa suna otal suna bita.

Taro kam mun iya. A Abuja aka tara shugabannin Afirka ranar 25 ga Afrilu, 2000, suka sa hannu cewa za su rage mace-macen zazzaɓin cizon sauro da rabi kafin 2010. A Abuja ɗin dai, a 2001, aka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi don lafiya. Ƙasar da ta karɓi baƙuncin taron ba ta taɓa cika wannan alƙawari a kasafin tarayya ba, shekara da shekaru tana yawo a wajajen kashi biyar. A Maris ɗin 2024 ministocin lafiya suka sake haɗuwa a Yawunde, aka sake sa hannu. Kowace 25 ga Afrilu ana ɗinka riguna da huluna, a yi tattaki, a ɗauki hoto ana miƙa wa mai ciki gidan sauro, a watse.

Abin kunyar da ba a son faɗa shi ne, kaso mai yawa na gidan sauron da ake rabawa, da maganin, da abin gwajin, har da aikin kama sauro a tantance irinsa, da kuɗin waje ake yin su. Asusun Global Fund da shirin shugaban Amurka na yaƙi da zazzaɓin cizon sauro su suka daɗe suna ɗauke da nauyin. A farkon 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin waje, ta rushe hukumarta ta USAID, sai ga ayyuka suna tsayawa cik a ƙasashe da dama. Ƙasa mai man fetur, mai sayen jerin gwanon motoci ga 'yan majalisa, tana jiran wani daga ƙetaren teku ya biya kuɗin leƙa mata duro. In ba rashin kunya ba, wane suna za a ba wannan?

Kada a ce mana ba a iya korar sauro in ya shigo. An taɓa yi, kuma namu aka kora.

A 1930 aka ga sauron Afirka, wannan dai mai kashe mana yara, a garin Natal na ƙasar Brazil. Jiragen ruwa masu sauri da ke tasowa daga Dakar ne ake ganin sun kai shi. Hukumomin can ma da farko sakaci suka yi. A 1938 annoba ta ɓarke a arewa maso gabashin ƙasar, sama da mutum dubu ɗari suka kwanta, dubbai suka mutu. Sai gwamnati ta tashi tsaye tare da Gidauniyar Rockefeller, ƙarƙashin wani likita mai suna Fred Soper. Aka ɗauki ma'aikata wajen dubu huɗu, aka yanka yankin gunduwa-gunduwa, kowane ma'aikaci da nasa yanki, kowane kududdufi da ranar zuba masa magani, a bayan kowane ma'aikaci kuma akwai mai bin sawu ya ga ko ya yi. Ana tsayar da motoci a hanya a yi musu feshi. Zuwa ƙarshen 1940 ba a ƙara ganin sauron ba. Da ya kutsa kudancin Masar a 1942, haka aka yi masa, zuwa 1945 an gama da shi.

Ba kwamfuta a lokacin, ba wayar hannu, ko DDT ba su yi amfani da shi a Brazil ba. Mutane ne da guga da littafin rajista, da shugaban da ba ya karɓar uzuri. Ita Masar ɗin, a 2024 aka ba ta shaidar rabuwa da cutar baki ɗaya. Aljeriya, maƙwabciyar Nijar, ta samu tata tun 2019.

A Indiya, gidan wannan baƙo, tun 1971 suke da shiri na musamman don zazzaɓin birane, kuma a Mumbai doka ce tankin ruwa ya zama sauro ba ya iya shiga, wanda ya saɓa a ci shi tara. Maganin kashe tsutsa da ake zubawa a ruwan ajiya ba tare da ya cutar da mai sha ba yana nan, an san shi, yana aiki a kan wannan sauro. Ba wani sabon ilimi ake jira ba.

Mu ma ai mun taɓa sanin wannan aiki. Dattawa suna tuna duba-gari. Yakan shigo gida da sallama, ya buɗe randa, ya leƙa rijiya, ya zaga bayan gida, in ya ga tsutsa a ruwa maigida ya amsa kira. Mata na jin an ce ga shi nan tafe, sai wanke randuna. Akwai cin zarafi a aikin wasu daga cikinsu, ba a musu, amma ana shakkar su, kuma randa na wankuwa. Yau jami'an lafiyar muhalli suna nan a takarda, makarantun horar da su suna yaye ɗalibai duk shekara, yaran suna zaune a gida ba aiki. Abin da ya rage na tsafta shi ne Asabar ɗin ƙarshen wata, a tare hanya na 'yan awoyi, a kama mai babur a karɓi na goro, a kwashe ƙazantar kwata a jibge a bakinta, ruwan farko ya mayar da ita inda ta fito.

A Garki ta Jihar Jigawa ta yanzu aka yi ɗaya daga cikin manyan binciken zazzaɓin cizon sauro da duniya ke ambato har yau, daga 1969 zuwa 1976. Da jinin ƙauyawanmu aka koya wa duniya yadda cutar ke yaɗuwa. Jikokinsu me suka samu?

In kuma wani yana ganin za a farga da wuri a wannan karo, ya je Hadejia da Guri da Nguru ya ga kachala.

Da can ciyawa ce ta gefen ruwa da ba ta dami kowa ba, domin kogi na cika da damina ya janye da rani, ta bushe. Da aka gina Tiga, aka ƙara da Challawa a 1992, sai ruwa ya riƙa gudana duk shekara ba janyewa. Kachala ta samu abin da take so. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su da makiyaya, ta juya ruwa zuwa inda ba a buƙatarsa, ta hana shi isa inda ake jiransa. Tsuntsun nan jan-baki ya samu wurin kwana, yana tashi daga ciki ya faɗa wa shinkafa da gero.

A ƙarƙashinta kuma, cikin ruwan da ba ya motsi, sauro na ƙyanƙyasa, ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsutsar tsargiya suna hayayyafa. Tsutsar na fita daga jikin katantanwa ta yi iyo, ta huda fatar duk wanda ya shiga ruwan, ta je ta zauna a jijiyoyin mafitsara tana zuba ƙwai. Yaro ya riƙa fitsarin jini, har wasu iyaye na ɗauka alamar balaga ce. Shekaru na tafiya mafitsara na lalacewa, wani ya kai ga ciwon ƙoda ko daji, mata kuma ta taɓa musu mahaifa. Najeriya ce kan gaba a duniya a yawan masu wannan cuta.

Su wa ke shiga ruwan? Mutanen ƙauyen da suka gaji da jira, suka yi gayya, suka shiga da lauje da adda, ruwa iya ƙirji, suna yankan kachala don su buɗe wa gonakinsu hanya. Suna yin aikin da hukuma ta bari, ana biyan su da tsargiya. Maganinta, praziquantel, kyauta kamfanin Merck ke bayarwa ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya, amma yaron da ya sha yau gobe zai koma ruwan nan, don ba shi da wani. An sayi injina, an ba da kwangilar yashewa, a share bana ta dawo baɗi, saboda yadda ake sakin ruwa daga dam, wanda shi ne tushen abin, ya fi ƙarfin mai lauje.

Shekara nawa ke nan ana kallon kachala tana ci? Waɗanda suka yi wannan kallo su ne za mu amince za su tare sauron da ido ba ya bambanta shi da na gida?

Ku ma jama'a, ba ku fita ba.

Gidan sauron da aka ba ku don yara, wa ya kewaye lambun tumatir da shi? Wa ya mayar da shi ragar kamun kifi, wa ya rufe kaji, wa ya kai kasuwa? Mai kuɗin da ya gina bene hawa uku, ya kasa sayen murfin tanki, talauci ne ya hana shi? Wanda ya sayi fili ya haƙa ramin ruwa, ya tafi Abuja ya bar kango shekara bakwai a tsakiyar mutane, ya san yara nawa ramin nan ya kwantar? Mai faci da ya jibge tsofaffin tayoyi a bayan rumfa fa? Masallacin unguwa da duron alwalarsa ke buɗe dare da rana, alhali a cikinsa ake karantar da mu cewa tsarki rabin imani ne?

Yaro ya yi zazzaɓi, a je kemis a haɗo na ɗari biyu ba gwaji, ya sha na kwana ɗaya, jiki ya yi sanyi a ajiye sauran. Sai ya fara jijjiga a ce iska ce, a yi hayaƙi, a kwana biyu, sannan a ɗauke shi a guje ana neman jini. In ya rasu a ce kwana ya ƙare. Kwana na ƙarewa, wannan gaskiya ne, amma wanda ya bar duro a buɗe ba shi da bakin jingina wa ƙaddara abin da hannunsa ya jawo. Addinin da muke bi bai ce a saki raƙumi a ce an yi tawakkali ba.

Rufe duro ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Murfi mai kama baki, ko ƙyalle mai kauri a ɗaure da roba. A juye randa a goge cikinta sau ɗaya a mako, kafin tsutsa ta yi fiffike. A kife abin da ba a amfani da shi, a huda tsohuwar taya ko a cika ta da ƙasa. Wannan namu ne, ba mai yi mana.

Amma kada masu ofis su ji an faɗi haka su sami mafaka, su fito gobe suna wa'azin tsafta ga matar da suka hana ruwan famfo. Magidanci zai iya rufe duronsa. Ba zai iya bin tashoshin manyan motoci da kasuwannin dabbobi da kan iyakoki yana ɗiban tsutsa ba. Ba zai iya kafa dokar tankuna ya tilasta wa masu gine-gine ba, ba zai iya ɗaukar duba-gari aiki ba, ba zai iya sa famfo ya kawo ruwa ba. Akwai waɗanda aka naɗa don waɗannan, da ofis da mota da hatimi.

Rani ne lokacin neman wannan sauro, sa'ad da namu ya ja da baya, duk tsutsar da aka samu a tanki ta zama abin tuhuma. Tun daga 2020 rani nawa ya wuce? A cikinsu, tankuna nawa aka leƙa a Gombe da Bauchi da Kano da Maiduguri, a waɗanne unguwanni, me aka samu? Wanda yake da wannan lissafi ya fito da shi fili, da Hausa, yadda mai gidan bulo da matar da ke sayen ruwa za su gane. Wanda ba shi da shi kuma, ya gaya mana aikin me yake karɓar albashi a kai.